Ƙwaron da Ba a Hukunta Ba

Kakarmu Inna Delu ba ta fara tatsuniya sai ta kwashe tuwo, mun kewaye sauran garwashin murhu. Mu jikokinta a ƙauyenmu na gefen Zango mun san ƙa'idarta: komai wayon Gizo, ƙarshenta sai ya sha kashi. Sau ɗaya tak ta karya wannan ƙa'ida, kuma na daɗe ina jin haushinta.

A shekarar dawarmu ta yi kai har maƙwabta na yi wa Baba barka. Mu kuwa muna ta kama wasu ƙwari masu sheƙi, kore da ja, a kan zangarniya da shingen bini-da-zugu, hannuwanmu na wari. Ran da aka fara sussuka Baba ya tarar yawancin ƙwayar dawar ba komai a cikinta. Bayan magariba Inna ta tara mu.

Wai ƙwaron nan ne ya je wurin maƙeri a ƙera masa garkuwar da za ta rufe bayansa duka, har fukafukai. Maƙeri ya ce, "Haƙora fa?" Ya ce, "Bar su, allura ta ishe ni." Ya sauka gonar wata tsohuwa, yana soka allurar a ƙwayar dawa tun tana ruwa-ruwa, yana zuƙewa. Tsohuwa ta kai ƙara. Alƙali ya juya zangarniya, ba cizo ba rami, ya ce, "Ina ɓarnar?" Tsuntsu ma da ya cafke shi, wari ya sa ya tofar.

Nan Inna ta tsaya.

Na ce, "Sai me, Inna?"

"Sai ya tashi ya faɗa gonar gaba, maigidana. Shi bai san iyaka ba, har Nijar yana can."

"To wa ya buge shi?"

"Ku tashi ku kwanta."

Na yi kuka, a ganina rowar ƙarshen ta yi mana. Ba a yi mako ba Baba ya tafi cirani, don rumbu ko rabi bai kai ba.

Yanzu ni ke noman gonar, Inna ta daɗe da rasuwa. Bara sau biyu na yi feshi, ƙwarin suka sake kwararowa daga gonakin maƙwabta. Na murza zangarniya a tafin hannu, na hura, kusan ba abin da ya saura, ga iyali na jira a gida. A ranar na daina jin haushin Inna. Ta duba tatsuniyar kaf tana neman wanda zai rama mana, ta rasa, kuma ta ƙi yi mana ƙarya.