Barkar da na kasa amsawa

"Yaya, bar min, kafin la'asar zan juya miki shi zuwa Turanci." Alkawarin ƙanena Sabi'u ke nan, malamin Faransanci a Kabo, tun ranar sunan jikata.

Dangin uban jaririyar na Yamai sun cika ƙasan hotonta da aka ɗora a intanet da Faransancin 'yan zamani, har wayata ta kasa fassarawa. Ni da ban taɓa barin barka ba amsa ba, sai na tura wa Sabi'u.

Da na kira shi sai ya ce, "Wallahi Yaya, wannan ba irin na littafi ba ne."

"To wa ya aike ka cika baki?"

Jaririya dai lafiya lau, alhamdulillah. Ku shaida, na ba Sabi'u zuwa Juma'a. In ta wuce, zan bi kowa da "amin", ko da zagina ya yi.