Makanar Ammu Fathi

Ranar wata Laraba ce a watan Afrilun 2014, bayan la'asar, ina tsugune a bayan ƙofar ɗakin Baba a gidanmu na unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, da wani ɗan baƙin murfi a tafin hannuna, ina kallon kwarkwaron zare yana gangarawa ƙarƙashin gado yana warware kansa. Shekarata goma a lokacin. Murfin da kwarkwaron duk na makanar kamun kifi ne, wato na'urar nan da ake ɗaura wa sandar fatsa tana naɗe zare, kuma ba tamu ba ce. Ta maƙwabcinmu ce Ammu Fathi (Ammu shi ne baffa a bakin Misirawa), aro ya ba Baba. Umma tana kicin tana soya albasa, ina jin ƙarar cokalinta, ni kuwa zufa ta riga ta jiƙa hijabin makarantar da ko cirewa ban yi ba.

Mu mutanen Yawuri ne, kuma Baba ɗan Sarkawa masunta ne gaba da baya. A cikin kwale-kwale ya yi wayo kafin a sa shi makaranta. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi Alƙahira a 2011, ya taho da ni da Umma, muka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu, a wani bene da Misirawa da Sudanawa da mu muka cakuɗu. Aikina kullum shi ne sayo burodi da safe, da shanya a saman bene, da leƙawa ta taga in na ji mai gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe. In na gama sai mu zana 'yar gala-gala da alli tsakanin igiyoyin shanya, ni da 'yan matan Sudanawa, har a kira magariba. Ni dai garin ya karɓe ni. Baba ne bai karɓa ba. A shekara ta uku ya rame, ya daina hira, malaminsa sai maido masa da babi ɗaya yake yi da jan biro. In za mu Wustul Balad, wato tsakiyar birni, sabunta takardun zama, yakan ja ni mu je kan gada, ya dafa ƙarfe ya yi ta kallon Kogin Nilu, har sai na ce ƙafata ta gaji.

Ammu Fathi tsohon direban bas ne, ƙofarsa tana kallon tamu. Matarsa ta rasu kafin zuwanmu, hannuwansa kuma sun fara rawa, har shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Shi ya lura da Baba. Da ya ji cewa wannan shehin mai litattafai ɗan masunta ne, sai ya shiga ɗaki ya fito da doguwar jakar yadi, ya zaro sanda mai gaɓa biyu da makana mai ruwan azurfa da ta sha hannu. Ya ce kyautar matarsa ce tun suna da ƙuruciya, shekara biyar ke nan bai iya jifa da ita ba, amma duk wata sai ya goge ta da man keken ɗinki. Ya ce Baba ya riƙe ta mako ɗaya ya saba da ita, ran Asabar su je kogi su nemi giwan ruwa. Ranar na ga haƙoran Baba, abin da na daɗe ban gani ba. Da muka shiga gida ya tsayar da ni ya ce, “Hafsa, kayan mutane ne. Da ido kawai.”

Washegari suka je sayen zare da ƙugiya a wani ɗan shago kusa da kasuwar Ataba, na bi su. A nan aka fara rigima. Baba ya zaɓi zaren da ya fi kowane kauri, irin wanda a gida ake naɗewa a hannu a ja kifi da shi, ya sa haƙori ya gwada, ya gyaɗa kai. Ammu Fathi ya ce wannan ai sai dai a ɗaure akuya da shi. Makana, in ji shi, siririn zare take so, don ya yi nisa in an jefa, kuma kwarkwaro ya ci da yawa. Aka dawo kan ƙugiya, Baba yana son babba, tsohon yana cewa a duba girman ɗan kifin da za a maƙala mata tukuna. Aka dawo kan dalmar da ke nutsar da ƙugiya, nan ma gardama. Mai shago sai dariya yake yi, domin Baba yana zuba Larabcin littafi kamar mai huɗuba, tsohon yana mayar masa da na tasha. A ƙarshe aka sayi siririn, amma a kan hanya Baba ya yi ta gunaguni da Hausa, wai shi za a koya wa kifi. Har a matattakala tsohon yana ce masa kada ya yi kokawa da kifi da ƙarfin damtse, ya bar makana ta yi aikinta. Baba ya ce “tamam” wato “to”, irin ta wanda bai ji ba.

Kwana uku yana koyon jifa a saman bene. Zai ɗaga 'yar wayar da ke gaban kwarkwaro, ya danne zare da yatsa, ya kai sanda baya, ya wurga. Jifan farko dalma ta naɗe zanen gadon wata Basudaniya, sai da Umma ta je ban haƙuri. Zuwa Talata kuwa yana saka dalma cikin bokiti daga wancan bango. Da na dawo makaranta ranar, ya miƙo mini bakin zaren ya ce in ja. Na ja da iyakar ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Ya ce, “Kin gani? Haka ake son zare, ya tsaya inda aka ce ya tsaya.”

To, ni Allah ya yi ni da ƙaiƙayin hannu. Ba agogo ba, ba rediyo ba, duk abin da ke da murfi sai na ga cikinsa. Ran Laraba Baba yana jami'a, na ce bari in juya hannun makanar sau ɗaya kawai. Daga sau ɗaya sai idona ya kai kan baƙin murfin nan da ke saman kwarkwaro. Da kyar ya motsa, daga nan ya yi ta juyawa cikin sauƙi, sai kawai na gan shi a hannuna. Na rarrafa na ciro kwarkwaron, na naɗe zaren, na mayar, na murɗa murfin har na ji ya kama. Sannan na ja zaren in gwada. Sai ya biyo ni, yana wata ƙara tar-tar-tar kamar haƙora sun zube a ciki. Na ƙara murɗawa kaɗan, na ja, ya sake biyo ni. Tsoro ya hana ni ƙarawa, kada abin da ya rage ya ƙarasa karyewa. Na jingine sandar yadda na same ta na fita a kan yatsun ƙafa.

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo kamar Alhamis da Juma'ar nan ba. A aji malama ta kira sunana sau biyu ban ji ba. Na kasa cin abinci, har Umma ta taɓa goshina ta dama mini kunu. Ba duka nake tsoro ba, Baba bai taɓa dukana ba. Abin da nake gani shi ne Baba tsaye a ƙofar tsohon nan yana neman kalmar da zai faɗa, a kan abin da ba a sayar da irinsa a kowace kasuwa, tun da wadda ta ba shi tana kabari. Kuma na san in haka ta faru, babu sauran kogi, Baba zai koma cikin shirunsa. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa in faɗa, sai in ji yana 'yar waƙar masunta ƙasa-ƙasa yana ɗaura ƙugiya, in juya.

Asabar da hantsi muka hau ƙaramar bas zuwa Ramsis, muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Giza, muka sauka can kudu inda gaɓa take da ciyawa da 'yan jiragen masunta. Na yi ta addu'a motar ta lalace, ba ta lalace ba. Ammu Fathi ya buɗe kujerarsa ta naɗewa ya zauna, Baba ya haɗa sanda ya zura zare cikin zobba, ya ajiye, ya gangara da zaren hannu don ya kamo 'yan ƙananan karfasa da za a maƙala wa ƙugiya. Yana juya baya tsohon ya ɗauki sandar ya ɗora a cinya, ya kama zaren ya ja. Tar-tar-tar. Ya sake ja a hankali, ya ɗaga gira, ya dubi bayan Baba, ya ajiye bai ce komai ba. Na ce shi ke nan, ya gane, kunya ce ta hana shi magana. Na koma bayan kujerarsa na zauna ina tsinkar ciyawa, hawaye na ɗiga a kan takalmina.

An fi awa biyu babu labari. Baba ya canza wuri, ya jefa kusa da wasu duwatsu inda ruwa ke juyawa, domin ko ba komai ya san inda giwan ruwa ke laɓewa. Can sai bakin sandar ya sunkuya kamar an rataya masa bokitin ruwa, makana ta ɗauki kuka, zare yana fita da gudu. Na rufe ido. Baba ya ce, “Subhanallahi, ta ɓaci!” Ya kai hannu zai cafke zaren ya naɗe a tafinsa yadda aka koya masa tun yana yaro. Ban san tsohon nan yana da sauran sauri ba. Ya miƙe ya buge hannun, ya ce, “Sibha, ya Shehi! Bar shi ya gudu, ɗaga sanda kawai.” Haka aka yi ta yi. In kifin ya ja, makana ta yi kuka ta ba shi zare. In ya tsaya, Baba ya ɗaga sanda, ya sauke yana naɗewa. Sau biyu kifin ya yi tsalle ya buɗe baki yana girgiza kai, jikinsa yana walƙiya. Masunta suka bar jiragensu suka taru, wani ya kawo koma. Da aka fito da shi aka ɗaga, tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙuguna, Baba kuwa yana haki yana dariya har hularsa ta faɗi.

Sai Ammu Fathi ya dafa kafaɗarsa ya ce Baba ya yi haƙuri, ashe ya raina shi. Ya ce duk makon nan yana fargabar Baba zai ɗaure murfin tamau saboda taurin kai, amma da ya gwada ɗazu sai ya tarar an saita shi daidai, kamar aikin wanda ya shekara yana yi. Ya ce murfin nan birki ne, an yi shi ne don ya saki zare in kifi ya fi ƙarfinsa. Da a ɗaure yake, da wannan kifin ya tsinke zaren a jan farko, ko ya karya tsohuwar sandar daga gaɓa. Baba ya dubi makanar. Shi mutum ne da ba ya karɓar yabon da ba nasa ba. Ya ce, “Ammu, ni ɗaure shi na yi. Na tarar yana saki, na ɗauka hannunka ne ya kasa matse shi, na murɗe iyakar ƙarfina.” Suka dubi juna. Daga nan, ban san dalili ba, su biyun suka juyo suka dube ni.

Na fashe da kuka na faɗi komai, har da gangarawar kwarkwaro ƙarƙashin gado. Ammu Fathi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa, “Ya binti, 'yata, da kin faɗa mini ai da na saya miki alewa.” Wani abu mai nauyi da na kwana uku ina ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjina, na zauna a kan laka da kayan fitata. Yunwa ta taso mini nan take, na cinye burodin da aka kawo don mu uku. Baba bai bar ni haka ba. A metro ya ce sa'a ba ta wanke laifi, taɓawar daban, ɓoyewar daban, kuma ɓoyewar ce ta fi ɓata masa rai. Hukuncina shi ne kankare ɓawon kifin ni kaɗai. Na yi shi a saman bene ina murna, aka raba har gidan matar nan mai zanen gado.

Daga ranar kusan kowace Asabar muna kogi, har Baba ya kammala muka dawo gida a 2015. Ammu Fathi ya rako mu har bakin mota da jakar yadin a hannu, ya tura ta cikin kayanmu, ya ce hannun da zai iya jifa da ita ya fi cancanta. Bayan shekara biyu aka aiko mana ya rasu.

Yanzu ina aiki a Birnin Kebbi, a ofis mai sanyi inda ba abin da ke da murfin da zan buɗe. Na ji an ce gaɓar da muke zama an zuba mata siminti. Baba ya yi furfura, yana koyarwa, 'yan uwansa Sarkawa suna tsokanarsa wai ya je Masar ya koyo kamun kifi da keken ɗinki. In na je Yawuri hutu mukan gangara bakin ruwa da yamma, ya haɗa sanda, ya zura zare, sannan ya miƙo mini makanar. In murɗa murfin, in ja zaren, mu tsaya mu biyu muna saurare. Har yau ban ji ƙarar da ke sanyaya mini rai kamar wannan tar-tar-tar ɗin ba.