Ƙibar da Na Nema da Kaina

A lokacin ina 'yar shekara ashirin, ban daɗe da gama sakandare ba, siririya ce ni kamar sillen kara, kuma ba a faɗa min in yi shiru. A garinmu Balan duk gidan bikin da na shiga sai an tanka, wai ko ba a ba ni tuwo ne, wai zani ma ya rasa inda zai kama. Ina ramawa, amma abin yana cina. Da bikin 'yar kawuna ya matso, gwaggona ta kawo min wasu ƙwayoyi daga kasuwar Ajingi, ta ce in sha, in bar gona da daka, in kwanta in ci. Ko sunan maganin ban tambaya ba. Wata huɗu ina kan tabarma, daga fura da sukari sai taliya da manja sai lemon kwalba. Kumatu suka fito, anko ya zauna daram, mata suka yi ta guɗa.

Bayan biki ƙishirwa ta sa ni gaba, fitsari ba iyaka, ga maruru ya ƙi warkewa. A wani asibiti a Gaya likita ya ce ciwon suga ne. Na ce ya sake gwadawa, ni ba tsohuwa ba ce, ƙibar ma ba ta kai ta kawo ba. Ya ce ƙwayoyin sun yi tasu ɓarnar, sannan akwai kitsen da ido ba ya gani, wanda ke shiga cikin tsoka ya zauna, sai tsokar ta ƙi karɓar sukari daga jini. Wai har a jikin ɓeraye an gani, waɗanda masu bincike ke tsarewa a keji suna ɗura musu maiƙo. Na fusata, na ce ɓera ya mai da ni ke nan? Ya ce in faɗa masa ta ina zamana a kan tabarma ya bambanta da nasu. 

Shi ya janye min ƙwayoyin a hankali, ya ce yanke su lokaci ɗaya haɗari ne. Yanzu ina shan maganin suga, na koma daka da cirar gyaɗa, na rame tas. Gwaggo ta ce in rufa wa gida asiri, za a ce da yunwa ake bari na. Na ce su ce ɗin, da nake kwance ba lafiya ban ga mai guɗa ko ɗaya a bakin gadona ba.

Laifina na san shi: na bar 'yan gulma suka yi wa jikina awo. 'Yan uwana mata, duk wadda ta miƙo muku ƙwayar ƙiba, ku mayar mata da abarta. Ni dai a haka zan tafi, sillen kara, amma a kan ƙafafuna.