Faifan Malam da Ke Cikin Samirata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zan fara a jarida ba. Ban yi boko ba, ɗiyata Hadiza ce ke rubutawa, ina faɗa ina share hawaye.

Malam gyaran rediyo ya fara a Talata Mafara, da girma ya zo ya koyi kwamfuta. Ƙungiyarmu ta manoman rani ta ba shi kula da babbar na'urarta, wadda ke riƙe da sunan kowa da iyakar fegin shinkafarsa. Fegina ma yana ciki, shi ke ciyar da ni har yau.

Kullum da yamma sai ya yi mini karatunta ina tsince shinkafa. Wai faifai biyu ne a cikinta, amma tana nuna su kamar guda. Abin da aka rubuta a wannan, an rubuta a wancan. In ɗaya ya mutu sai ta riƙa kuka, fitilarsa ta yi ja, ɗan'uwansa ya ɗauki kayan shi kaɗai kafin a kawo sabo. Abin har ya shigo gida. Randa biyu, buta biyu, tocila biyu. Ranar da ya ce a ƙara turmi na ce, "Malam, dakan fa wa zai yi, ni ko na'urarka?"

Akwai faifai na uku, sabo na ko-ta-kwana, da ya ba ni ajiya saboda rufin ofis yana yoyo. Na naɗe shi a ɗankwali na sa a samira. Ranar ta'aziyya na faɗa wa mutanen ofis, suka ce, "To, Inna, Allah ya jiƙan shi." Shi ke nan.

Bara na je karɓar takardar fegina, domin maƙwabcin gonata daga Bakura ya fara cinye mini kunyoyin gona guda biyu. Ina shiga ofis na ji kukan nan na na'urar a ƙarƙashin ƙarar rediyo. Sakatare, Malam Sani, ya ce, "Zafi take ji, Inna. Tun azumi take yi, har fanka muka saya mata."

Na ce, "Wannan takardar da kuka liƙa a jikinta fa?"

"Wata jar fitila ce ke damun mu."

Na ce, "Ɗana, ɗaya ya mutu, kun yi wa gawa fifita wata huɗu. In na biyun ya bi shi, daga nan har Maradun babu mai sanin iyakar gonarsa."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi sallama. Na hau babur na ɗauko samira. Da muka buɗe na'urar sai ya kai hannu wajen mai koriyar fitila, wai shi ne ya fi zafi. Na buge hannun da carbi. Allah ya yafe mini, mutum ne mai 'ya'ya shida. Ya zare mai jan, ya tura na Malam, kukan ya tsaya, fitilu suka kama ƙiftawa, alamar ta fara kwafe komai zuwa sabon.

Malam ya sha faɗa mini cewa lokacin kwafewar nan ne mafi haɗari, in wuta ta ɗauke komai na iya lalacewa. Don haka na shimfiɗa zane kusa da janareta, tun azahar har bayan la'asar, duk wanda ya matso in tambaye shi lafiya. Washegari na karɓi takardata, kunyata biyu suka dawo.

Da Malam ya ga fankar nan, na san tari zai kama shi don dariya, sannan ya tambayi ina aka ajiye wani sabon. Na tambaya a madadinsa. Sun ce za a saya.

Abin da muka sani mu biyu a shekara arba'in, yanzu ni kaɗai ke riƙe da shi, kuma gwiwoyina sun fara nasu kukan. Shi ya sa na zaunar da Hadiza. Rubuta, ɗiyata, kada kowa ya taɓa janareta sai mun gama.