Baba Isha'aku, Mai Haƙa Taɓon Bakin Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, bayan azahar, 'yarka Mas'uda ta kira ni ta ce ka cika. Allah Sarki, Baba Isha'aku!

Shekara uku ina tuƙa ku, kai da wasu masu bincike, zuwa kudancin Jidda, inda itatuwan shura ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Wani kamfani na son cike wurin ya yi gini. Daktora Lama, shugabar masu binciken, ta ce mafita ɗaya ce: a auna kabon ɗin da wurin ya ɓoye, wanda in ya fita zai ƙara ɗumama duniya, a sa shi cikin lissafin ƙasa don hukuma ta hana ginin. Kai kuwa ɗaukar bututun awo kawai aka ɗauke ka yi.

Awon farko bai taka kara ya karya ba. Ɗaliban Daktora sukan soka bututu kamu guda cikin taɓo, su ce halas, wato an gama. Kai da ka shekara ashirin kana haƙa rijiya a Damagaram, sai ka murza taɓon, ka sansana, ka ce mini, "Zaharadden, gaya wa Daktora baƙin taɓo mai kabon ɗin yana can ƙasa." Wallahi na ji tsoron a kore mu, na yi ta noƙewa, sai da ka harare ni sannan na faɗa. Ta amince. Ka shiga ruwa har ƙugu da gwiwarka mai ciwo, ka tura bututun mita biyu. Ya fito baƙi wuluk, cike da ruɓaɓɓun saiwoyi na shekaru aru-aru. Aka sake awon, rami arba'in, kana ta tsokanata wai direba ba ya son jiƙa takalmi.

Na san dalilinka. A gabanka aka rushe unguwar Karantina ta Jidda, ka ce ba za ka so a yi wa itatuwan nan haka ba.

Kwana tara da binne ka hukunci ya fito: ba za a cike wurin ba. Jiya na je, na tuɓe takalmina, na shiga ruwan, na yi kuka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa kowace bishiyar da ta tsira ta zame maka sadaƙatul jariya. Inna Rakia matarsa, da ke Mas'uda, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.