Ganyen hana tsatsa

Ni na kawo maganar tsatsa gidanmu, kuma har yau ina jin haushin bakina.

Ranar da na raka babanmu gidan likita a Madawa, majo, babban ma'aikacin jinya, ya auna shi ya ce tansiyo ta hau, wato hawan jini, ga sukari cikin jini. Ya ce a rage soyayyen nama da shayi mai zaƙi, a yawaita ganye: tamaka, wato zogale, da rama da yakuwa. Ya faɗi wata doguwar kalma ta faransanci. Ni da lakwal, makarantar boko, aji biyar munka yi munka rabu lafiya, sai na ce, "Majo, sauko da ita ƙasa." Ya ce jikin mutum kamar ƙarfe ne, shina tsatsa da shekaru, ganye da ƴaƴan itace suna rage mata sauri.

Da munka hau babur baba ya ce, "Ni za a ba ganye? Shekarar yunwa na ci rabona, har da ƴaƴan anza masu ɗaci." Mutum ne da ya daɗe shina kai albasa kurmi, can ƙasashen kudu, ya dawo da tumbi, gari duka na cewa hutu ya karɓe shi. A gidanmu kuwa ba a kai ma maigida kwaɗon ganye, sai a ce gida ya karye.

Ganye na kakata ne, wadda ta haifi baba. Tsohuwa siririya kamar karan hatsi. Hura da nono da rana, kwaɗon tamaka da ƙuli da albasa da marece. Ina ce mata amarya, tana ce mini mijin banza.

Na iske ta tana tsinkar ganye. "Amarya, yau asirinki ya tonu. Ashe abincin awakin nan ne ya hana ki tsatsa. Mutuwa ta zo, ta ga sabon ƙarfe, ta wuce."

"Mijin banza, ko kallabi ba ka taɓa saya mini ba, sai baki." Ta yi dariya har tana share ido.

Daga ranar ita da kanta take kai ma baba kwanon kwaɗo. Don ita ce, shina karɓa, ya kai loma guda, in ta juya ya turo mini. Ni kuma in tashi da shi, in maida kwano tas, in ce mata ɗanki ya lashe har gindi.

Bayan an kwashe albasa baba ya faɗi bakin masallaci, gefe guda ya shanye. Kwana tara ya yi, ya rasu. Ko furfurar kirki bai tara ba.

Bayan sadakar bakwai kaka ta bar cin ganye. Hura ma sai kurɓi biyu. Innata ta yi lallashi ta gaji, ta ce in je, ai ni ne mijin.

Na haɗa kwaɗo da hannuna, na zauna gabanta. "Amarya, in kinka rame wa zai aure ki bayana?"

Ba ta yi dariya ba. "Kai ka ce ganyen nan ke hana ni tahiya. Ya riƙe ni har na ga an fita da ɗana. Ya isa."

Na ce mata majo bai ce ganye na ƙara ma mutum kwana bisa wanda Allah ya yanke ba, ƙarin gishirina ne. Sannan na faɗi abin da nake ɓoyewa. "Kuma baba bai ci ba, kaka. Ni nake cinyewa."

"Na sani. Wa ya haife shi? Ɗana bai taɓa lashe kwano ba."

"To mi ya sa kinka ci gaba da kaiwa?"

"Kai ma nashi ne. Na ce ko kai ya riƙe ka."

Ta turo mini kwanon. Na tura mata. Munka zauna haka har anka kira la'asar. Na ce in ba ta sa hannu ba, ni ma na bar ci ke nan, mu yi tsatsar tare. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗebi loma guda, ƴar ƙarama.

Yanzu kowane marece ina baro abokai wurin shayi in zo mu ci kwano guda. In ban zo ba, ba ta ci. Mijin banza ne dai har yau ba ta sake ce mini ba.