Kwaɗon da Yaya Ya Sa a Ƙofar Gidanmu

Abubuwa da yawa sun same ni na manta su tun kafin shekara ta zagayo. Amma ranar da na tsaya a ƙofar gidan mahaifinmu a Magama ta Jibiya, Inna na zaune a gefe ba lafiya, ƙofa kuma a garƙame, ba na jin za ta fita daga raina har ƙasa ta rufe idona.

Mu biyu ne maza a wurin iyayenmu, ni da yayana. Shi yana sana'ar kayan babura a Maraɗi, ni kuma ina koyarwa a Katsina. Bayan rasuwar Baba sai wani ɗan kasuwa ya nuna yana son gidan, zai mai da shi sito tunda yana kusa da bakin boda. Ni na ga dacewar a sayar, Yaya ya ce ba da yawunsa ba. Magana ta yi zafi, har na gaya masa abin da ƙane bai kamata ya gaya wa wansa ba. Bai rama ba, ya dai sa takalmansa ya fita. Daga nan na ɗauko Inna zuwa Katsina saboda asibiti, muka yi shekara biyu ko gaisuwar salla ba ta haɗa ni da shi. A lokacin ina ganin ni ke da gaskiya. Yanzu in na tuna, kunya ce ke kama ni.

Da bazara ta shigo jikin Inna ya ƙara rauni. Wata safiya ina ba ta kunu ta riƙe hannuna ta ce, "Ka mai da ni ɗakina." Na yi kamar ban ji ba. Washegari ta sake faɗa, rana ta uku ma haka. Na gane ba maganar da za a ajiye ba ce, na nemi mota muka kama hanya.

Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Lokacin boda na rufe, manyan motoci sun yi layi a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Na zaro tsohon makullinmu daga aljihu da ƙarfin gwiwa, sai na ga wani ƙaton kwaɗo da ban taɓa gani ba. Na gwada, ko shiga bai yi ba. Nan take na san aikin Yaya ne. Wata maƙwabciya ta fito da tabarma da ruwa, ta zaunar da Inna a gindin darbejiya tana yi mata fifita. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, na ce a ara mini guduma.

"Ba za ka fasa ƙofar mahaifinka ina kallo ba," in ji Inna. Muryarta ba ƙarfi, amma ta tsayar da ni. Maƙwabciyar ce ta ce akwai wani dattijo mai gyaran makulli kusa da tasha.

Na same shi a rumfarsa, makullai rataye a waya kamar an shanya kifi. Siriri ne, gemunsa fari, yatsunsa duk baƙin mai. Bai yi tambaya da yawa ba, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya biyo ni. Da muka iso ya durƙusa ya gai da Inna, sannan ya kama kwaɗon ya juya bayansa. Ya daɗe yana kallon wata 'yar alama da aka karta a jiki.

"Kwaɗon ga ni na sa shi," ya ce. "Wani mutum daga Maraɗi ya kira ni, ya ce gidan ubansa ne, yana tsoron kada a shige shi. Mi kake gare shi?"

"Ƙanensa ne ni, Baba. Ga mahaifiyarmu nan."

"Na yarda. Kamar ma ta nuna. Amma wanda ya ce in rufe, shi zai ce in buɗe."

Na ji kamar ya mare ni. Na ce masa gidan nan ni ma ina da gado a ciki, ga mara lafiya a rana, wace irin ƙa'ida ce wannan? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ƙofofin garin ga kaɗan ne ba zan iya buɗewa ba. Abin da ya sa mutane ke barci da ni a cikinsu, sun san ba na buɗewa don an yi mini tsawa. Kira shi. Minti ɗaya ne."

Minti ɗaya gare shi, ni kuwa shekara biyu ce a gabana. Ko lambar Yaya ba ni da ita, na goge tun ranar da muka rabu. Ina tsaye ina inda-inda sai Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙaramar wayarta. Ta miƙo mini ta ce, "Lambarsa ce ta farko. Duk Juma'a yana kirana." A gidana take, ni ke kai ta asibiti, amma ban taɓa sani ba.

Na danna. Ringi biyu ya ɗauka. "Inna, lafiya?" Na ce, "Yaya, ni ne." Na yi masa bayani a gurguje, ina jiran ya tambaye ni ko mai saye na kawo. Bai tambaya ba. Cewa ya yi, "Tana rana? Ba mai makullin wayar maza." Dattijon ya saurara, ya ce, "To, madalla," ya miƙo mini. Kafin in kashe na ji Yaya na cewa, "A share ɗakin kafin ta shiga, ka duba bayan gado saboda kunama."

Buɗewar kanta ba ta ɗau lokaci ba. Ya ɗiga mai a bakin kwaɗon, ya zura wasu siraran ƙarafa biyu, ya kawo kunnensa kusa kamar mai sauraren sirri. Ya yi bismilla, ya murɗa a hankali, sai muka ji ƙyas. Ya zare kwaɗon lafiya lau, ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Ajiye wa yayanka kayansa."

Ciyawa ta bushe a tsakar gida, yanar gizo ta cika zaure. Ni da maƙwabciyar muka share ɗakin, muka kakkaɓe katifa. Da muka shigo da Inna sai ta dafa bango ta tsaya, ta dubi kwallayenta da ke jere inda ta bar su, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ran nan ta ci tuwo fiye da yadda na ga ta ci a wata guda.

Kwana uku bayan haka Yaya ya iso, ta hanyoyin da mutanen iyaka suka sani. Na tarye shi a zaure na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ya wuce," ya tambayi inda buta take. Wata biyu da 'yan kwanaki Inna ta yi a ɗakinta, muna karɓa-karɓa wajen jinyarta, kuma ranar da Allah Ya karɓi abinsa mu biyu muna zaune a gabanta. Gidan yana nan, ba a sayar ba, iyalin Yaya ne a ciki.

Na sha tunanin yadda abin zai kasance da an ba ni gudumar nan. Da na shiga, ba shakka, amma da Yaya ya ji labari a bakin wasu cewa na fasa masa ƙofa, kuma wataƙila da Inna ta tafi ta bar mu a rabe. Abin da na koya shi ne, kasancewar kana da haƙƙi a abu ba ya ba ka damar tsallake ɗan'uwanka. Kuma gaba, in ta daɗe, girman kai ne kawai ke riƙe da ita, sau da yawa wancan ɗin ma jira yake a fara yi masa sallama. Tun daga lokacin, in na saɓa da wani nawa, ba na bari Juma'a ta zagayo ban neme shi ba.